Abin da aka tattauna kan aika bayanan kaya ta na'ura

Mun zauna da 'yan kasuwar hatsi na Sabon Garin Zariya da wasu masu tireloli da ke lodi a Kwangila. Zancen ɗaya ne: yaya mai kaya zai san inda masararsa take ba sai ya yi ta buga wa direba waya ba.

Wani da ya yi aikin fiton kaya a Apapa ya yi mana bayanin EDI: kwamfutar mai mota ke aika wa ta mai kaya saƙo kai tsaye, a tsarin da suka amince da shi. A Amurka suna bin tsarin da ake kira X12, inda saƙo mai lamba 204 ke neman a ɗauki kaya, 214 ya faɗi inda aka kai, 210 kuma takardar kuɗin dako ce. Harkar jiragen ruwa ta fi rungumar tsarin EDIFACT na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abin da aka fi nanatawa shi ne lambar takardar kaya. In ta hannun mai kaya ta saɓa da ta ofishin mai mota, na'ura kuskuren za ta maimaita, sai dai da gaggawa. A kuma daidaita ma'auni tun a Zariya, buhu ko tan, don a kan wannan ne rigima ke tashi in an isa Legas.

Mai tirela biyu, a ganina, ba ya buƙatar manhaja mai tsada. Lokacin lodi, lambar mota da hoton takardar sauke kaya ta WhatsApp sun wadatar, in ana adanawa. Wani dattijo ya ce a tsayar tun kafin tashi wanda zai sanar in mota ta lalace a hanyar Abuja.