'Yan ajinmu na 1988 sun ce kowa ya rubuto labarinsa. Ni me zan rubuta?

Ɗan Funtuwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga sa'o'ina.

Na gama ABU Zariya a 1988, sashen Kemistiri. Mu ne muka shiga jami'a muna 'yan jihar Kaduna muka fito 'yan jihar Katsina, don muna shirin shekarar ƙarshe Babangida ya yanke jihar a Satumbar 1987. Mu ne kuma rikicin Mayun 1986 ya rutsa da mu, zamanin Farfesa Ango Abdullahi, aka harbi ɗalibai, aka rufe makaranta, muka fito bakin titin Samaru da akwati a ka muna neman mota. Bayan bautar ƙasa kowa ya kama gabansa. Ni Bendel aka tura ni, jihar da yanzu ma babu ita. Ba wayar hannu a lokacin, lambar akwatin gidan waya muka rubuta wa juna a bayan littafi, littafin kuma gara ta cinye.

Wata huɗu da suka wuce wani ya jefa ni zauren WhatsApp na ajinmu. Mu 43 muka gama. An gano 29, takwas sun riga mu gidan gaskiya, shida ba labari. Daren farko ban runtsa ba, ina ta buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya. Wanda muke kira Tsinke saboda rama, yanzu tumbinsa ke riga shi shiga hoto.

To an sa ranar haɗuwa a Zariya bayan Babbar Salla, kuma an ce kowa ya rubuto taƙaitaccen labarinsa, za a buga ɗan littafi. An fara turowa. Biyu farfesoshi ne, su sai sun cika 70 za su ajiye aiki. Ɗaya ta kai babbar sakatariya, ta yi ritaya a 2024 da cikar shekara 35 tana aiki. Wani yana kamfanin mai a Saudiyya. Wani kuma ya jero 'ya'yansa kamar mai kiran suna a aji: likita a Ingila, injiniya a Kanada, autar tana Malesiya.

Ni kuwa wata masaƙa na shiga a Kakuri, sashen rini, shekara 13. Wanda ya san Kaduna a lokacin ya san idan aka tashi daga aiki, keke da babur ba sa barin mota ta wuce. Sai abu ya fara lalacewa, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Aka rufe, aka sallame mu, kuɗin sallamar har yau sai a takarda. Na sayar da kangon da nake ginawa na dawo gida. Yanzu shago gare ni, taki da irin masara da maganin feshi. Manomi ya zo in gaya masa murfi nawa zai zuba a tanki, abin da ya rage na Kemistirina ke nan. Alhamdu lillahi ba na roƙon kowa.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Akwai Dogo, wanda muka yi ɗaki ɗaya a Suleiman Hall, risho ɗaya, tukunya ɗaya ta wake da shinkafa. Shi ne ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajin, a Kashim Ibrahim Library yake wuni sai an kore shi. Yana cikin zauren amma bai taɓa cewa uffan ba. Na bi lambar har na same shi a wani lungu a Tudun Wadan Zariya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye shekara uku ke nan. Na tarar da shi a tabarma an jingina shi da bango, matarsa tana ba shi kunu da cokali, tana share masa gefen baki da bakin mayafinta. Ya daɗe yana kallona, sannan da ƙyar ya furta laƙabina na makaranta, wanda ko matata ba ta sani ba. 'Yarsa ta ce kullum bayan isha'i sai ta karanta masa saƙonnin zauren, yana dariya da ɓari guda.

Tambayata biyu ce. In rubuta gaskiyata, ko in bi shawarar ɗana in sa “ɗan kasuwa a fannin noma”? Sannan in gaya musu halin da Dogo ke ciki, ko hakan tonon asiri ne?

Hajiya 'Yar Amina Hall:

Wa alaikumus salam Malam. Ni ƙanwarku ce, 1991 na fita. Ka rubuta shagonka da sunansa. Shago abin kunya ne? Waɗanda ka ga suna jero 'ya'ya a ƙasar waje, wani a cikinsu shi kaɗai yake kwana a ƙaton gida da mai gadi, jikokinsa sai ta bidiyo. A namu zauren haka aka yi ta baje koli, har wata ta rubuta cewa aurenta ya mutu tun 1999, da ɗinki da koyarwa ta riƙe yara huɗu. Wallahi ranar zauren ya canza. Mai ciwon suga ya faɗa, mai jiran fansho ya faɗa, wadda ba ta taɓa haihuwa ba ta faɗa. Daga nan muka buɗe asusu, dubu biyar-biyar a wata.

Maganar Dogo kuwa, ba a hannunka take ba. Ka koma ka tambaye shi, ka tambayi matarsa. Idan sun yarda, ka faɗa ba tare da hoto ba. Don Allah ban da hoto. Na tsani a ɗauki mutum a kwance a yi ta yawo da shi a wayoyi.

Bakatsine a Legas:

Ni fa na fita daga namu. Da safe addu'o'i ashirin iri ɗaya, da rana faɗan siyasa, da dare maganin basir. Wanda ya shekara 30 bai neme ka ba, yana jin ƙamshin takara sai ka zama ɗan'uwa. Ka rubuta layi biyu ka huta, Alhaji. Littafin ma ba mai karantawa, kowa shafinsa zai buɗe ya duba ko an rubuta muƙaminsa daidai.

Abba:

Baba, ni yaro ne a nan, a yi mini afuwar tsoma baki. Mahaifina ya rasu ina aji biyu a jami'a. Bai taɓa gaya wa abokan karatunsa yana jinyar ƙoda ba, sai sanarwar rasuwa suka gani. Su bakwai suka zo sadakar uku, ɗaya ya riƙe hannuna yana kuka yana cewa me ya sa bai faɗa ba. Su suka biya mini kuɗin makaranta har na gama. Na gode musu, amma da a kuɗin wankin ƙodar suka sa hannu, da ya fi mini.

Ɗan Funtuwa:

Na gode muku duka. Bakatsine, maganin basir ɗin nan har namu zauren ya iso.

Hajiya, na bi maganarki. Ranar Asabar na koma Zariya. Matarsa ta yi shiru, ta ce a tambayi mai gidan. Na tambaye shi, ya ɗaga hannun hagu ya nuna wayar, wato in rubuta a gabansa. Na rubuta nawa da nasa a saƙo ɗaya, masaƙa da shago da tabarma, na karanta masa. Wuri ɗaya ya hana: na sa “yana fama”, ya yi ta girgiza kai har sai da na mayar “yana samun sauƙi”.

Na tura da la'asar. Zauren ya yi tsit kusan awa guda, har na fara da-na-sani. Sai ga Tsinke ya kira, ko sallama bai gama ba ya ce in turo masa kwatancen gidan. Ɗaya daga cikin farfesoshin ashe a Samaru yake zaune, shekara uku ba su fi tafiyar minti ashirin tsakaninsu ba. Ya ce zai kawo mai gashin ƙashi ranar Talata. Mai 'ya'ya a ƙasar waje bai ce komai a zaure ba, amma ya biyo ni ta gefe yana tambayar nawa buhun yuriya yanzu, wai yana da gona a Giwa da ta isa ta ba shi hawan jini.