Cape Town da baƙinta masu neman jinsi: doka ce ko kasuwa?

Bashir: Jama'a, jiya na ga tallar yawon buɗe ido da ke kiran Cape Town ta Afirka ta Kudu babban birnin masu neman jinsi a Afirka. Ni dai na ce kasuwa ce tsagwaronta. Otal ya rataya tuta mai launin bakan gizo, alamar masu neman jinsi, gidan tausa ya ce kowa ya zo, gidan rawa ya kwana a buɗe. Dalar baƙo suke hari, ba wani haƙƙi.

Anti Rabi: Bashir, ka yi gaggawa. Doka ta riga kasuwar zuwa. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 shi ne na farko a duniya da ya hana nuna bambanci kan wannan. A Disamba 2005 kotun tsarin mulki ta yanke hukunci, a Nuwamba 2006 auren jinsi ya zama doka, ƙasa ta biyar a duniya. Masu otal ne suka rubuta wannan?

Malam Ɗanjuma: Matsayin addininmu a kan abin sananne ne, ba shi aka tambaya ba. Amma Hajiya ta faɗi gaskiya kan doka. Mu nan Najeriya tun 2014 ɗaurin shekara 14 ne ga auren jinsi, kuma mu ma ai muna son dala.

Nura: Anti, da izininki. Na yi karatu can. Unguwar da ake ta tallatawa, De Waterkant, ƙarama ce, ka zagaye ta kafin shayinka ya huce. Lunguna ne masu daɓen dutse, gidaje kowanne da fentinsa, mashayu a bakin titin Somerset. Da dare za ka ga maza biyu riƙe da hannu, ko kallo ba a yi musu. Ka ɗan taka kaɗan kana Bo-Kaap, unguwar Musulmi, inda masallacin Auwal yake tun 1794. Can nake zuwa Juma'a. Abin da ban manta ba shi ne asuba: baƙi na komawa otal, masu wanke kofi da masu gadi kuwa suna layin ƙaramar bas zuwa Khayelitsha, unguwar talakawa baƙar fata a bayan gari, kusan kilomita 30.

Bashir: To ka gani!

Nura: Tsaya, Yaya, ban gama ba. A Khayelitsha ɗin aka kashe Zoliswa Nkonyana a 2006, tana da shekara 19, don an san 'yar maɗigo ce. Shekarar da aka yi dokar auren kenan. Shari'ar ta yi ta shan ɗagewa, sai 2012 aka ɗaure mutum huɗu shekara 18 kowanne.

Anti Rabi: Allah Sarki. Amma an ɗaure su, Nura. Alƙaliya ta ambaci ƙiyayyar a hukuncinta. Da babu doka, wa zai tsaya mata?

Bashir: Bayan shekara shida, Anti! Da Baturen Jamus aka taɓa a bakin tekun Clifton, ai kafin sati an kama wani.

Malam Ɗanjuma: Wannan zato ne, ɗana, kada mu ɗauke shi hujja.

Bashir: Na karɓa, Malam. Amma Nura, ka faɗa min, a waɗannan gidajen tausar da mashayun, mutanen Khayelitsha nawa ka gani zaune suna biyan kuɗi?

Nura: Akwai, musamman lokacin bikin masu neman jinsi na ƙarshen bazarar can, wajen Fabrairu zuwa Maris. Sauran ranaku kuwa, yawancin waɗanda na gani da tire ne a hannu.