Masu aleji da waɗanda garkuwar jikinsu ta juya musu baya, ku zo mu ji yadda kowa ya gane nasa

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk mai fama da aleji, ko wanda wani abinci ba ya karɓarsa, ko wanda likita ya ce garkuwar jikinsa ce take yaƙarsa, ya faɗa mana abu biyu: tsakanin cin abin da fitowar alama wane lokaci ake ɗauka, sannan ta wace hanya aka gano. Dalilin tambayar, 'yata ba ta shiri da gyaɗa, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ce ai shi ma haka yake, amma da ya fara bayani sai in ji nasa daban, nata daban. Ita ko lasa ta yi, nan da nan leɓenta zai kumbura, borin jini ya feso mata a wuya da ciki. Gwajin fata aka yi mata. Aka ɗiɗɗiga ruwan abubuwa iri-iri a hannunta, aka ɗan soka kowane wuri da tsinke, bayan kamar minti 15 wurin gyaɗar ya tasa ya yi ja, sauran kuwa shiru.

Abu Hanif

Wa alaikumus salam. Ni jatan lande ne, kuma da girmana ya same ni, bayan na sha cinsa a baya lafiya lau. Tafin hannuna ne ya fara ƙaiƙayi, kunnuwa suka ɗauki zafi, sai na ji maƙogwaro yana tsukewa, murya ta dushe. Ina miƙewa jiri ya kwashe ni. A asibiti allurar adirenalin suka caka min a gefen cinya, suka kwantar da ni suka ɗaga ƙafafuna sama. Da na dawo hayyacina na ce zan tafi gida, suka ce ban isa ba, domin wani lokaci abin yakan dawo bayan sa'o'i ko mutum bai ƙara cin komai ba. Yanzu da allurar nake yawo a jaka, irin wadda mutum yake yi wa kansa. Likita ya ja min kunne a kan abu biyu. Na farko, ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaro, ba ta kuma tayar da jinin da ya faɗi, don haka kada in tsaya jiran ta yi aiki. Na biyu, in bar ƙaguwa ita ma, saboda sinadarin da jikina ya tsana yana cikin su duka biyun. Abin da har yanzu yake ɗaure min kai shi ne me ya sa sai daga baya.

Nas Rabi

Malam Abu Hanif, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Tambayarka ita ce wadda na fi ji a bakin marasa lafiya: ai na saba ci. Ba a yin aleji sai jiki ya taɓa haɗuwa da abin. A wata haɗuwar ce garkuwar jiki take yin kuskure, ta ɗauki sinadarin cikin abincin a matsayin maƙiyi, ta ƙera masa makami na musamman da ake kira IgE. Makamin nan sai ya je ya manne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da suke jibge a fata da hanci da huhu da hanji, cikinsu cike da sinadarin histamin. Duk wannan yana faruwa kai ba ka ji komai ba. Ranar da abin ya sake shigowa ya taɓa makamin, ƙwayoyin sai su fashe da abin da ke cikinsu a lokaci ɗaya. Histamin yana buɗe jijiyoyin jini ya sa ruwa ya riƙa tsatsowa cikin tsoka, shi ne kumburin da borin jinin. Yana matse hanyoyin iska, shi ne sarƙewar numfashin. Idan jijiyoyin jiki gaba ɗaya suka buɗe, jini ya faɗi, shi ne jirin da ya kwashe ka. Adirenalin kuwa kishiyar haka yake yi, ya tsuke jijiyoyin ya buɗe huhun.

Tun 1902 wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka ga wannan a jikin karnuka. Sun yi musu allurar dafin wata halittar teku da nufin jikinsu ya saba, karon farko suka tsira, da aka maimaita bayan makonni da ɗan kaɗan sai kare ya faɗi ya mutu cikin mintoci. A kan haka aka ba Richet kyautar Nobel a 1913. Shi kansa IgE sai a shekarun 1960 aka gano shi.

Abin da na gani da idona a ɗakin gaggawa, kuma yake ƙona min rai, shi ne a kawo mutum a zaune ko a tsaye ana ta ba shi ruwa, allurar tana cikin jakarsa, kowa yana tsoron yi masa. Jinkirin ya fi allurar haɗari nesa ba kusa ba.

Baban Yusra

Nawa mai sauƙi ne a kan naku. Madara ce. Awa ɗaya ko biyu bayan na sha, ciki ya ɗauki ƙugi, ya cika da iska, sai zawo. Babu ƙaiƙayi, babu kumburin baki. Likita ta ce garkuwar jikina ba ruwanta a ciki. Sinadarin da yake narkar da sukarin madara ne ya yi ƙaranci a hanjina, sukarin sai ya wuce babban hanji, ƙwayoyin cuta na can su yi ta watanda da shi. Ta ce kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke, wani ya fi wani. Kaɗan a cikin abinci ba ta min komai, sai na cika kofi. Wannan ma bambanci ne, Maman Ilham, taki ɗigo ya ishe ta.

Ummu Khalil

Ni da a ce alamata tana fitowa cikin mintoci da na huta da wuri. Shekaru na yi ana ce min ƙarancin jini. In sha maganin ƙarin jini, a gwada, yana nan inda yake. Ga kasala, ga rama, ga cikin da kullum a kumbure. Ban taɓa zargin alkama ba, tunda ba ranar da na ci nake jin wani abu na daban ba. Wani likita ne ya ce jinin da ba ya jin magani akwai dalili, ya sa aka yi gwajin jini na cutar siliyak, daga nan aka zura na'ura ta baki aka ɗebo ɗan naman hanji. Ashe sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir da dangoginsu ne yake tunzura garkuwar jikina, ita kuma ta huce a kan bangon ƙaramin hanjina. 'Yan tsirarrakin da suke tsotsar abinci duk sun kwanta, shi ya sa komai na ci sai ya wuce. Likitan ya ba ni labarin wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, wanda ya lura yaran da ke da wannan ciwo sun murmure lokacin yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da burodi ya yanke, suka koma ciwo da alkama ta dawo. An ce kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita, da yawa ba su sani ba.

Shawarata ga mai zargin haka, kada ka daina cin alkama kafin a gwada ka. In ka daina, gwajin zai iya fitowa tas alhali ciwon yana nan.

Ɗan Auta

Anti Nas, ni kuma na yi wani gwajin jini da ake tallatawa a intanet, sakamakon ya fito da jerin abinci mai tsawo, har da ƙwai da shinkafa da tumatir, wai duk jikina ba ya so. Na bar su, ciwon kan da ya sa na yi gwajin bai tafi ba, sai dai na rame.

Nas Rabi

Ƙanena, duba takardar, na tabbata IgG za ka gani a rubuce, wani makamin garkuwar jiki ne daban, ba IgE ba. Shi IgG na abinci shaida ce kawai cewa kana cin abin, lafiyayyen mutum ma yana da shi, shi ya sa jerin ya zama abin da ka fi ci. Ƙungiyoyin likitocin aleji na Turai da Amurka sun daɗe da cewa kada a yi aiki da shi. Kai ko gwajin IgE na gaskiya yakan nuna akwai, mutum kuma ya ci lafiya, don haka likita yake haɗa shi da labarin abin da ya faru, wani lokaci ma a ba ka abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita. Je ka ci abincinka, a nemo dalilin ciwon kan.

Yaya Sa'a

Tambayar minti nawa ba ta shafe ni ba, domin nawa maƙiyin ba daga waje yake zuwa ba. Lufus gare ni, ciwon da garkuwar jiki take afka wa mai ita. Gaɓoɓin yatsu ne suka fara, sai zazzaɓin da ba a gano masa dalili, gashi yana zuba, gyambo a baki, in na sha rana kumatuna da karan hanci su yi tabo. An daɗe ana bi na da maganin zazzaɓi kafin wata likita ta haɗa alamomin wuri guda ta aika a yi gwajin jini da ake kira ANA da wasu bayansa, ta kuma duba fitsari don ganin ko ya taɓa ƙoda. Ta ce cikin masu wannan ciwo 10, kusan 9 mata ne. Yadda ta kwatanta min, mai aleji karensa baƙo yake cizo, ni nawa karen mai gidan yake cizo.

Abin da ya fi ciwon gajiyar da ni shi ne masu nasiha. Kowa ya gan ni sai ya ce in nemi abin ƙara garkuwar jiki. Jama'a, tawa ba rauni gare ta ba, rashin gane nata ne yake damunta. Magungunan da nake sha ma na lallashinta ne. Ina shan haidiroksikulorokwin, kuma saboda shi ake duba min ido lokaci-lokaci. Da ciwon ya tashi sosai an ɗora ni a kan sitiroyid, aka gargaɗe ni kada in kuskura in yanke shi rana ɗaya, sai dai a riƙa ragewa a hankali, saboda jiki yakan rage yin nasa idan ya daɗe yana samu daga waje. Na ji daɗi da na ji kyautar Nobel ta likitanci ta 2025 ta tafi ga Shimon Sakaguchi da Mary Brunkow da Fred Ramsdell, a kan ƙwayoyin da aikinsu shi ne hana garkuwar jiki afka wa mai ita. Ko ba komai ana aiki a kan namu.

Maman Twins

Allah ya ƙara sauƙi, Yaya Sa'a. Ni ɗan kunne da maɗaurin agogo ne. Ba ranar da na sa yake fitowa ba, sai kwana biyu ko uku wurin ya yi ƙuraje masu ruwa, daidai inda ƙarfen ya kwanta. An manna min filasta masu ɗauke da sinadarai a baya, aka cire bayan awa 48, aka sake dubawa daga baya, ƙarfen nikel ne ya fito. An ce wannan ba aikin histamin ba ne, wasu ƙwayoyin garkuwa ne masu tafiyar hawainiya, shi ya sa ƙwayar maganin ƙaiƙayi, mai tare aikin histamin, ba ta cika yi min komai ba.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Rabi, saura ɗaya. Ƙanenta yana wata biyar, in hana shi gyaɗa gaba ɗaya ne?

Nas Rabi

A da haka ake cewa, yanzu magana ta canza. A 2015 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Landan ƙarƙashin Gideon Lack, a kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa. Waɗanda aka fara ba su gyaɗa tun suna jarirai, alejin ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Amma kada ki fara da kanki a gida tunda yayarsa tana da shi, musamman in yana da ƙyasbi mai tsanani ko ƙwai ba ya karɓarsa. Ki kai shi likitan da yake ganin Ilham ya duba shi tukuna. In ya ce a ba shi, niƙaƙƙiya ake damawa da ruwa, ba a ba jariri ƙwayar gyaɗa saboda shaƙewa, kuma ki ware masa cokali da kwanonsa daban da nata.