Awa 4 a aji kafin alƙali ya raba aure: gyara ne ko cika sharaɗi?

Maman Hanifa: Jama'a, a jihar Florida ta Amurka, ma'auratan da ke da ƙananan yara ba a kammala musu shari'ar saki sai kowannensu ya yi kwas na aƙalla awa 4 kan yadda rabuwa ke shafar yara. Wanda ya shigar da ƙara kwana 45 gare shi ya gama. Ni dai na ce cika sharaɗi ne kawai. Mutanen da suka shekara goma suna cin mutuncin juna, awa 4 ce za ta gyara su?

Baban Sadiq: Hajiya, ba halinsu ake son sauyawa ba. Abubuwa ne ƙanana: kada ki aiki yaro wurin ubansa karɓo kuɗin makaranta, kada ka tsare shi da tambayar wa ke zuwa gidan uwarsa, kada a zagi ɗaya a gabansa. Yaro ɗan shekara bakwai da aka ce masa "je ka gaya wa ubanka ba ni da sisi", shi zai kwana da maganar a ciki, ba uban ba.

Maman Hanifa: Alhaji, ai ta intanet ma ana yinsa. Mutum ya kunna waya yana tuƙa tuwo, a ba shi takardar shaida.

Anti Lauya: A nan kina da gaskiya. Shirin da bincike ya fi goyon baya shi ne New Beginnings na Jami'ar Jihar Arizona, kuma zama ne kusan goma, mako-mako, ana ba iyaye aikin gwadawa a gida. An bi diddigin yaran bayan shekaru, aka ga matsalolinsu sun ragu. Gajerun kwasa-kwasan ba su da hujja mai ƙarfi haka. Amma alƙali na iya hukunta wanda ya ƙi zuwa, har ya taɓa masa lokacin ganin yara.

Malam Ƙarami: Mu dai a Kano muna da waliyyai da Hisbah.

Baban Sadiq: Allah gafarta Malam, su ceto auren suke nema. Idan ya mutu fa, wa ke zaunar da iyayen kan yaran?

Inna: Ni tambayata, wadda miji ya yi ta dukanta, da shi za a haɗa ta a aji?

Anti Lauya: A'a Inna, ba dole ba ne su zauna tare, kotu ma na iya hana haɗa su.

Maman Hanifa: To a mayar da shi mako goma, sai na janye maganata.