Wa ya taɓa ɓatar da 'yar ƙaramar tsaba? Ku zo ku ba ni dabara

Ɗan Ƙofar Guga:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu tara tsofaffin kuɗi. Yau kwana biyu ke nan na hana a share mani ɗaki, uwargida har ta fara yi mani kallon mai taɓin hankali. Ƙanena da ke karatu a Jamus ne ya aiko mani da wata 'yar azurfa ta Girkawan dā, bugun yankin Kariya, can kudu maso yammacin Turkiyya ta yau. Sunanta tetartemoriyon, wato rubu'in wani ƙaramin kuɗinsu mai suna obol, kuma sai an haɗa obol shida ake samun dirakma ɗaya. Nauyinta bai cika giram 0.2 ba, faɗinta kamar milimita 5, ƙwayar dawa ta kusa rufe ta. Amma a jikin wannan 'yar mitsitsiya akwai kan zaki, ka juya ka ga ɗan tsuntsu, aikin da aka yi shekara fiye da 2,300.

Bayan isha'i na ɗora ta bisa yatsa ina ƙoƙarin daidaita madubin ƙara girma, sai aka ɗauke wuta. Na ɗan zabura, shi ke nan. Ko ƙarar faɗuwarta ban ji ba. Na kakkaɓe darduma, na ɗage katifa, na bi siminti da tocila ina rarrafe kamar mai koyon tafiya. Yarona ya kawo mani maganaɗisun tsohuwar rediyo, na ce mashi azurfa ba ta bin maganaɗisu. Wanda irin wannan ta taɓa samu, don Allah ya faɗi yadda ya ƙare.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya bayyana, Malam. In zai rage maka zafi, su kansu masu kuɗin sun sha wannan wahala. Tufafinsu ba su da aljihu, don haka mutumin Atina, birnin Girkawa, in zai je kasuwa a baki yake zuba ƙananan canji, yadda yaro ke ɓoye alewa a kunci. Tun kafin su ma, mutanen Lidiya, wata tsohuwar daula a yammacin Turkiyya ta yau, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna buga kuɗi da garwayen zinariya da azurfa, suna rarraba babban kuɗinsu ɗaya, mai suna sitata, har kashi 96. Tawa da ta ɓata ta tagulla ce, ta ƙarshen daular Rum, wadda ba ta wuce giram ɗaya ba. Na kai aji don ɗalibai su gani, ta zaga hannu arba'in, ba ta dawo ba. Ban zargi kowa ba, ina jin ta faɗa ramin benci ne. Tun ranar sai dai hoto.

Maƙerin Fari:
Ku naku da sauƙi, tunda akwai fatan a gani. Ni tawa ina kallo ta tafi. Wani abokin cinikina mai zuwa Dubai ya ba ni fanam guda uku, 'yan zinariyar kudancin Indiya, kowace ba ta kai rabin giram ba. Na ɗora su a sikelin shago, na duba su, na zuba cikin murfin kwalba na ajiye gefen tire, aka kira sallar la'asar na fita. Yaron shagona, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya ga ɓurɓushin zinariya a murfi, ya haɗa da guntayen sarƙa da karyayyun 'yan kunne ya juye a kasko. Ina shigowa na tarar da wuta ta kama, yana ta murna ya rage mani aiki. Me zan ce mashi? Mu a sana'armu duk abin da ya yi ƙanƙanta haka narkarwa ake yi.

Daga baya aka faɗa mani yawancin fanam ɗin da ke yawo kwaikwayo ne na maƙeran zamani, don haka na riƙa lallashin kaina cewa ƙila nawa ma jabu ne. Suna nan dai cikin zoben wata amarya a Rafin Daɗi.

Ɗan Ƙofar Guga:
Innalillahi. Maƙeri ka sa na ji kunyar kukana.

Hajiya 'Yar Daura:
Sannunku da jaje. Ni ban san kuɗin Girkawa ba, abin da na gada anini ne. Kakarmu a Daura ta bar su cikin batta, shirye a zare kamar tasbaha, don anini da hujinsa yake zuwa. Yaran yanzu ba su san lissafin ba: anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Ka ga sai ka tara anini 2,400 kafin ka ce kana da fam guda. Akwai biyu a ciki marasa nauyi ko kaɗan, na alminiyom, ɗaya da 1907 a jiki, ga tauraro mai tsini shida, ga rubutun Larabci. Su ne na farkon da Turawa suka kawo, daga baya suka koma wani ƙarfen mai nauyi. Jikokina suka samu battar suka yi wasan 'yar carafke da su a tsakar gida, na tsinto sha ɗaya cikin sha huɗu.

To Malam, ga dabarar da ta fisshe ni, ta mata ce, ku maza ba za ta zo maku ba. Ka bar matarka ta share ɗakin, amma da sabuwar tsintsiyar laushi, kusurwa-kusurwa, har ƙarƙashin gado. Kada a zubar da sharar. A tankaɗe ta da rariya mai ƙananan ido, abin da ya rage a zuba a ƙwarya da ruwa a rege, yadda muke rege shinkafa 'yar gida. Ƙura da zare za su taso, tsakuwa da duk wani abu mai nauyi ya kwanta a gindi. Azurfa ta fi tsakuwa nauyi nesa ba kusa ba, ba inda za ta je.

Na Mai'aduwa:
Maganar Hajiya dutse. Ni kuma ina ƙara cewa in an gan ta kada a ce za a wanke ta ta yi ƙyalli. Ina da wata 'yar tagulla da na jiƙa a ruwan lemun tsami kwana ɗaya, na goge da toka kamar tukunya. Kan sarkin da ke jiki ya tafi tare da dattin, na tashi da jan faifai sumul. Sauran kuma damina ta so ta cinye mani su: wani koren gari ya riƙa tsatsowa a jikinsu, ka goge yau gobe ya dawo. Sai da na raba masu cutar da masu lafiya, na sa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa:
Tunda ana maganar ƙanana, akwai wanda ya kawo mani 'yar azurfa mai kalmar shahada, ya ce ta zamanin Manzon Allah (SAW) ce. Nawa ya kamata in taya?

Malamin Tarihi:
Kada ka taya ko sisi da wannan sunan. A zamanin Manzo (SAW) da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake ciniki. Dinari mai rubutun Larabci zalla, ba hoto, sai a shekara ta 77 bayan Hijira, zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, nauyinsa wajen giram 4.25. Ka buɗe mata zaure daban ka sa hoto mu gani. Kuma ka tambaye shi inda ya samo ta, don in haƙo ta aka yi a wani kufai irin na wajen Durɓi ta Kusheyi, wannan hurumin hukumar gidajen tarihi ne, ba na kasuwa ba.

Maƙerin Fari:
Malam na Ƙofar Guga, ka duba kalmasar ƙafar wandonka kafin a kai wanki. Mu nan muke yawan tsintar zinariya.

Ɗan Ƙofar Guga:
Alhamdu lillahi! Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya raya jikoki. Wando babu komai, Maƙeri, na zazzage shi har sau biyu. Da hantsi uwargida ta share, ta tankaɗe, ta zauna bakin rariyar tsakar gida da ƙwarya biyu tana juyawa, ni ina tsugune kamar mai jiran haihuwa. Juyi na uku sai ga ta kwance a gindin ƙwarya, tare da tsakuwa biyu, da kan allura, da wani ɗan kunnen 'yata da muka nema tun ƙaramar salla. Na ɗauke ta da matsefata, na shanya bisa farin ƙyalle, zakin na nan lafiya lau. Yanzu tana cikin 'yar leda mai zif, ledar cikin kwalbar turare, kwalbar cikin akwati, kuma daga yau ba na buɗe ta sai bisa tire, da rana.

Saura rigimar tukuici. Ta ce atamfa take so, na lissafa na ga atamfar ta fi 'yar azurfar tsada. Hajiya, ke kika koya mata, sai ki sa baki.

Hajiya 'Yar Daura:
Turmi biyu. Ɗaya nawa ne.