Ina ya kamata kuɗin yaƙi da miyagun ƙwayoyi su tafi?

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan tambaya, shawarar da ta fi rinjaye ita ce gwamnatoci su rage zuba kuɗi a kame da ɗauri kaɗai. Amurka ta ƙaddamar da yaƙinta tun 1971, gidajen yari suka cika maƙil, fataucin bai tsaya ba. An fi yabon Fotugal, wadda a 2001 ta daina ɗaure wanda aka kama da ɗan abin shansa, ta karkata ga yi masa magani, kuma kamuwa da ƙanjamau ta ragu ƙwarai tsakanin masu yi wa kansu allura. Ni ma wannan ra'ayin nake goyon baya.

Wasu sun ƙara da a bi sawun dukiyar manyan dillalai a ƙwace, a kuma riƙa bayyana wa jama'a inda kuɗin suka shiga.