Wai Tamron da Sigma jabu ne? Muhawarar da ta ɓarke a zauren masu ɗaukar hoto

Mai Studiyo: Assalamu alaikum. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai tara kuɗi ya sayi Sony a7 IV, ya ɗaura mata 28-70mm f/3.5-5.6 ɗin da ke zuwa cikin kwali, ya shiga wajen dina inda hasken bai taka kara ya karya ba, hotuna su fito duk hatsi-hatsi, sannan ya ce kyamarar ce ba ta da kyau. A 70mm wannan lens ɗin yana kan f/5.6 (lambar f ita ce buɗewar ƙofar haske, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske). Tsakaninsa da f/2.8 mataki biyu ne cur, wato haske ninki huɗu. Inda mai f/2.8 yake ISO 1600, kai kana 6400, kuma ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, shi ke kawo hatsi-hatsin. Maganata ɗaya ce: a rage kuɗin bodi, wato jikin kyamara, a ƙara na lens. Gara a7 III da 24-70mm f/2.8 GM, babban ajin lens na Sony, da a7 IV mai lens ɗin kwali. Kuma in za a saya a sayi na kamfanin, a bar jabun nan su Tamron da Sigma.

Mai Ɗaukar Biki: Wa alaikumus salam. Alhaji, jabu fa ka ce? Jabu shi ne a buga sunan Sony a jikin abin da Sony ba ta ƙera ba. Tamron sunanta ta rubuta a jikin kayanta, kamfanin Japan ne tun 1950. Sigma tun 1961, kuma masana'antarta tana Aizu a Japan. Tun 2011 Sony ta buɗe wa masu ƙera lens bayanan bakin E, wato mahaɗin lens da bodin Sony, ita kanta tana cikin manyan masu hannun jari a Tamron. Ka janye kalmar nan.

Mai Studiyo: Ba zan janye ba. Ɗaura Sigma a kan Sony a1 ko a9 ka gani. Bodi na iya hoto 20 ko 30 a daƙiƙa, lens ɗin waje ba ya wuce 15. Gilashin ƙarin nisa na 1.4x da 2x ma ba ya hawa kansu. Abin da ba ya cika aiki me sunansa?

Mai Ɗaukar Biki: Wannan takunkumi Sony ce ta sa, ba gazawar gilashi ba ce. Kuma wa ke buƙatar hoto 30 a daƙiƙa a wajen kamu? a7 III da a7 IV ɗin da kake magana a kai iyakarsu 10 ne, ko da GM ka ɗaura. Tamron 28-75mm f/2.8 G2 giram 540 ne, GM II giram 695, kuɗin Tamron kuma bai kai rabin nasa ba. Ragowar ta sayi 85mm f/1.8 da filas.

Ɗan Sabon Gari: A yi adalci dai, 24 da 28 ba ɗaya ba ne. In kana mita 3 daga mutane, 24mm na ɗaukar faɗin mita 4.5, 28mm kuwa kusan 3.9. A falon gidan amarya, bango na bayanka, wannan tazarar mutum ɗaya ce a sahu. Nan ne kawai Alhaji yake da ƙafar tsayawa. Amma jabu kam a'a.

Masoyin Canon: Duk wannan rigimar 'yan Sony ce. Shi ya sa Canon ta tsare ƙofarta. Lens ɗin RF, wato sabon bakin Canon, da bodin RF gida ɗaya suka fito, ba ka kwana da fargabar wata sabuwar manhaja za ta zo fokas ya rikice.

Hajiya Mai Bidiyo: Malam, tsare ƙofa ko tsare aljihu? Izinin da Sigma da Tamron suka samu a 2024 na ƙaramin sensa ne, APS-C. Mai R6 ko R8 da ke son 24-70mm f/2.8 na RF sai ya ɗauki na L, babban ajin Canon, mai giram 900 da kuɗinsa. Na kwalin kuma, 24-105mm f/4-7.1, a ƙarshensa ya fi na Sony da ake zagi duhu. Daga f/7.1 zuwa f/2.8 kusan mataki uku ne.

Masoyin Canon: Hajiya, adafta fa? Tazarar baki zuwa sensa a EF, tsohon bakin Canon, milimita 44 ce, a RF 20. Adaftar EF-EOS R bututu ne kawai mai cike 24 ɗin da ta rage, babu gilashi ko ɗaya a ciki, sai layukan lantarki. Kaifin hoto ba ya raguwa. EF 24-70mm f/2.8L II da EF 70-200mm f/2.8L na hannu sun cika kasuwa. Har Sigma Art mai bakin EF yana aiki ta nan.

Mai Ɗaukar Biki: Au, yanzu Sigma ta halatta tunda ta biyo ta adaftar Canon?

Masoyin Canon: Ni ban ce jabu ba, Alhaji ne ya ce.

Ɗan Nikon: Ana ta E da RF an manta da wanda ya fi kowa. Bakin Z na Nikon faɗinsa milimita 55, tazararsa 16, babu wanda ya kai shi kusanci da sensa a cikin ukun nan. Shi ya sa ake samun adaftar da ke ɗora lens ɗin Sony a kan Nikon, amma ba a iya akasin haka, don E tana 18. Kuma 24-70mm f/4 S da ke zuwa da Z6 ba abin rainawa ba ne, f/4 ne daga farko har ƙarshe.

Mai Gyara: Ɗan'uwa, ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. FTZ, adaftar ɗora tsofaffin lens na Nikon a kan Z, ba ta da injin juya fokas. Tsofaffin AF-D, irin su 50mm f/1.8D da 80-200mm f/2.8D, injin bodi suke dogara da shi, don haka a kan Z sai dai ka juya da hannu. AF-S da AF-P ne ke aiki. Mutane na sayen na D saboda araha, su dawo suna cewa adafta ta lalace.

Ɗan Nikon: Wa ke sayen D a wannan zamani?

Mai Gyara: Wanda kuɗinsa ya ƙare a bodi. Kuma tunda ana maganar jabu, jabun gaskiya a batir yake da katin ajiya da filtar UV. A lens abin tsoro shi ne na hannu da aka ɓoye aibinsa. Kafin a biya: a cire murfin gaba da na baya, a haska tocilan ta ciki a karkace. Ƙura kaɗan ba komai. Zare-zare fari mai rassa fumfuna ce, tana cin rufin gilashi, a ajiye. A duba ganyen ƙofar haske ko akwai maiƙo. Sai a ɗauki abu ɗaya mai nisa a buɗe sosai, a sa shi a kowace kusurwa huɗu ba tare da an taɓa fokas ba. In kusurwa ɗaya ta fi sauran dishi-dishi, wani gilashi ya goce daga tsakiya, galibi faɗuwa ya yi. A kuma karanta jikinsa: a Sony FE ne na babban sensa, a Sigma DG, a Tamron Di III. Wanda aka rubuta DC ko Di III-A na ƙarami ne. Ka ɗaura shi a a7 III, megafiksel 24 su koma kusan 10.

Hajiya Mai Bidiyo: Allah ya saka, Malam. Amma masu wa'azin adafta ba sa faɗin abin da ke faruwa a bidiyo. Tsohon injin fokas yana da ƙara kuma yana fizga, makirfon kan kyamara yana kwashe ta. Adafta na tura nauyi gaba, gimbal, abin riƙe kyamara mai hana girgiza, ya yi ta wahala. Ga numfashin fokas, hoto na ɗan matsowa yana komawa. a7 IV tana gyara wannan, amma da wasu lens-lens na Sony kaɗai.

Mai Studiyo: Kun ji ko! Da na Sony kaɗai. Ashe ban yi ƙarya ba.

Hajiya Mai Bidiyo: Alhaji kada ka ari bakina. Gyaran yanke gefen hoto yake yi, ba kyauta ba ne.

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, asalin maganar fa bodi ko lens ne. Ko a koma?

Mai Ɗaukar Biki: Sai ya janye. Kuma zum ɗin f/2.8 da yake kurantawa ma ba shi ne ƙarshe ba. 35mm da 85mm f/1.8 sun fi shi haske da mataki ɗaya da sulusi.

Mai Studiyo: A buɗe 85mm a f/1.8 daga mita 2, abin da ke fitowa tas bai wuce santimita 6 ba. Ango ya ɗan matsa baya, fuskarsa ta narke. Hoton mutum biyu sai ka rufe zuwa f/4, to ina hasken da ka saya?

Mai Gyara: Ga kuma canje-canje. Kyamara marar madubi irin waɗannan sensarta a fili take da zarar an cire lens. A hazon hunturu, canji a filin ɗaurin aure ɗigo-ɗigo ne a sararin sama, musamman daga f/11. A kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa, a busa da famfon roba, ba da baki ba.

Masoyin Canon: R5 da R6 suna rufe labulen shota in an kashe su. Na dai faɗa.

Ɗan Nikon: Z8 da Z9 garkuwa ta musamman gare su, ba labule mai laushi da yatsa ke lalatawa ba.

Shugaban Zaure: To, an rufe nan haka. Abin da ya fito fili shi ne kusan kowa ya yarda na kamfani ya fi cika aiki, hujjar hoto 15 a daƙiƙa da ta numfashin fokas ba a rusa su ba. Kalmar jabu ta ɗan yi nauyi, amma manufar Alhaji a bayyane take, kuma dattijo ne a sana'ar nan, bai kamata a tsare shi da sai ya janye ba. An kuma tabbatar adaftar EF ba ta rage kaifi, don haka mafi sauƙin hanya ga mai farawa ita ce R6 da EF 24-70mm f/2.8L II na hannu, bayan gwajin tocilan da na kusurwa huɗu. Masu Sony da ba su da hali suna iya lallaɓawa da Tamron kafin su tara. Zancen Nikon ba ya cikin abin da aka tambaya. Wanda ya sake tayar da maganar za a goge saƙonsa.